Zauren Aikin Hannu: Tambayoyinku a Kan Ƙaramin Jirgin Ƙasa

Assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata na ba ku labarin ƙaramar tashar jirgin ƙasa da mu biyar muka shafe shekara uku muna ginawa a zauren gidana, a kan tebur mai tsawon mita 3. Tun daga ranar saƙonni ba su yanke ba, har daga ƙetaren iyaka. Na gode ƙwarai. Na tsamo guda shida waɗanda amsarsu za ta amfani mutane da yawa, sauran kuma su yi mini haƙuri zuwa wani jiƙon.

Malam, yarona ɗan shekara 11 ya ga wani bidiyo a waya: ƙananan jiragen ƙasa suna kai da kawo a cikin gari mai gidaje da gadoji da fitilu, wai a Jamus. Tun ranar ya hana ni sakat. Shin wasan yara ne ko aikin manya? Kuma irinmu zai iya?
*Wani uba daga Zariya*

Malam, Allah ya raya mana shi. Bisa yadda ka kwatanta, abin da ya gani shi ne Miniatur Wunderland da ke birnin Hamburg. Wasu tagwaye ne, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe shi a 2001 a cikin wani tsohon sito na bakin ruwa. Idan aka haɗa tsawon layin dogon da ke ciki ya haura kilomita 16. Duk minti 15 dare yake yi a ciki, fitilun gidaje su kama, can kuma gari ya waye. A 2011 suka ƙara filin jirgin sama inda jirage ke tashi suna sauka. Ɗaruruwan ma'aikata ne ke kula da wurin, don haka kada yaro ya auna abin da za ku yi a gida da wannan, ransa ya ɓaci a banza.

Abin ya daɗe a hannun Turawa. A 1891 kamfanin Märklin na Jamus ya kai kasuwar baje koli ta Leipzig layin dogo da ake harhaɗawa gunduwa-gunduwa, mai faɗi tsayayye, ta yadda abin da ka saya bana zai dace da na baɗi. A Ingila kuma Frank Hornby ya fara sayar da jiragen da ake murɗa musu makulli kamar agogo a 1920. Ƙungiyar masu wannan sha'awa da aka kafa a Landan a 1910 tana nan har yau. Ka ga kenan magidanta ne da dattawa ke riƙe da abin, yara kuma suna koyo a gefensu.

Ni dai ban ɗauke shi baƙon abu ba. Duk wanda ya tashi yana feƙe kara yana ƙera mota, yana yanka tsohon silifa ya yi mata taya, ko yana buɗe gwangwanin madara ya yi bodin tirela, ya riga ya san rabin aikin. Abin da ya rage masa shi ne awo, wato komai ya ƙanƙance daidai da ɗan'uwansa, kada ƙofa ta fi tarago tsayi.

Kai kuwa da kake Zariya, kana zaune a kan arziki. Layin da ya isa Kano a 1911 ta garinku ya bi. Daga nan reshen Gusau da Ƙaura Namoda ya ɓalle, wanda aka kammala a 1929. A da har akwai wani siririn layi da ke tashi daga Zariya ya hau tudun Jos yana ɗauko kuza, aka rufe shi a 1957. Ka ɗauki yaron nan ran Asabar ku je tasha da littafi da fensir, ku yi sallama da ma'aikata, ku nemi izini. Ku ƙirga tagogi, ku auna tsawon gini da taku, ku dubi launin kwano da inda tsatsa ta ci. Ku dawo gida ku yi ginin da kwali. Kada ka sayi jirgi tukuna. Idan ya gama gini ɗaya har ya tambaye ka na biyu, to abin ya shiga ransa, kuɗinka ba za su tafi a banza ba.

Baba, yayana da ke Ingila ya ce zai aiko mini da jirgi da layi, amma in faɗa masa wane iri. Na duba a intanet na ga HO da OO da N, kaina ya kulle.
*Wani matashi daga Kaduna*

Ɗana, waɗannan haruffa sunayen awo ne kawai. HO yana nufin an rage komai sau 87, faɗin tsakanin ƙarafan layin kuma milimita 16.5 ne. Shi ya fi yawa a duniya. OO na mutanen Birtaniya ne, an rage sau 76, amma a kan layin nan dai mai milimita 16.5 yake tafiya. N ya fi su ƙanƙanta, sau 160 a yawancin ƙasashe, layinsa milimita 9. Akwai Z da Märklin ya fito da shi a 1972, sau 220, wanda kan jirginsa bai kai tsawon yatsa ba. Wannan ka bar shi, ƙurar hunturu kaɗai ta isa ta tsayar da shi.

Tunda yayanka yana Ingila, OO zai fi samu cikin sauƙi, musamman na hannu, irin na kamfanonin Hornby da Bachmann da layin kamfanin Peco. Ka karɓa da hannu biyu. Abu biyu kawai za ka ja masa kunne a kai. Jiragen HO na Märklin suna da tsarin wutarsu daban, suna shan wuta ta wasu ƙananan ƙusoshi a tsakiyar layi, ba sa tafiya a kan layin sauran kamfanoni. Sannan duk taransifomar da aka yi don Amurka ta bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kana jona ta za ta ƙone. Ta Ingila ta dace da tamu, har bakin soket ɗin iri ɗaya ne.

Ga wani lissafi da nake jin daɗinsa. Ka ninka 16.5 sau 87, za ka samu kusan 1,435, wato faɗin sabon layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Don haka in tashar Rigasa ta Kaduna kake son kwaikwaya, HO ya zauna daram. Tsohon layinmu kuwa, na Legas zuwa Kano, faɗinsa milimita 1,067 ne. Idan ka raba shi da 87 za ka samu 12 da ɗoriya, sai ka nemi layi mai milimita 12. Mutanen Niyu Zilan, da ke da faɗi irin namu, sun bi wata dabara: suna amfani da layin 16.5 da ke ko'ina a kasuwa, sai su gina taragu da gidaje a awon sau 64, lissafi ya fita kusan daidai. Shi kuwa siririn layin kuza na Zariya, milimita 762 ne, layin N mai milimita 9 ya dace da shi a awon HO.

Wani abu kuma: tsakanin tashar Idu ta Abuja da Rigasa kilomita 186 ne. Ko an rage shi sau 87 sai ka nemi fili fiye da kilomita 2. Babu mai gina layi sukutum. Wuri ɗaya ake zaɓa, tasha ɗaya ko gada ɗaya, a zauna a kai.

Malam, ni malamar firamare ce. Ba mu da jirgi, ba mu da kuɗin sayensa, yawancin ɗalibaina ma ba su taɓa ganin na gaske ba, sai labarin layin da ake ginawa daga Kano zuwa garinmu. Za mu iya yin ƙasar da gidajen kawai? Da me ake yi?
*Wata malama daga Maraɗi*

Malama, tambayarki ce ta fi kwanta mini, domin a nan daɗin aikin yake. A teburinmu jirgi yana tafiya minti goma a rana, sauran lokacin duk a kan ƙasa da bishiya da katanga yake ƙarewa.

Bari in ba ki labarin wani mutum. Roye England ɗan Ostareliya ne da ya je Ingila yana saurayi, ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu jinkar ciyawa ana rushe su, ana sauya musu fasali. Abin ya dame shi. Sai ya riƙa bi gida-gida yana aunawa yana zanawa, ya dawo ya gina su da kwali a awon sau 76. Daga aikinsa aka samu gidan tarihi na Pendon, a ƙauyen Long Wittenham kusa da Oxford, a 1954, kuma har yau masu aikin sa kai ne ke ci gaba da shi. Duk lokacin da na wuce ta unguwarmu na ga an ture wani tsohon soro mai zankwaye an kafa bulo, mutumin nan nake tunawa. Ɗalibanki za su iya yi wa garinsu irin wannan hidima.

Ki fara da allon katako na filawud mai kaurin milimita 9, tsawonsa mita 1, faɗinsa rabin mita. Kafinta ya yi masa firam a ƙasa don kada ya lanƙwashe. Ki ɗauki awon HO ko da babu jirgi, saboda duk ranar da jirgi ya samu zai tarar da gari ya dace da shi. Mita 1 ta gaske ita ce milimita 11.5. Mutum zai zama kusan santimita 2, ƙofa milimita 23, katanga mai mita 3 ta zama santimita 3 da rabi, kuka mai mita 15 ta zama santimita 17. Ki rubuta wannan a allo, yara su riƙa yin rabawar da kansu. Darasin lissafi ne da ba za su manta ba.

Tudu da kwari ana yin su da farin soson nan mara nauyi da ake tokare firji ko talabijin da shi a cikin kwali. A yanka da wuƙa, a jera, a manne da farin gam na kafintoci. Gam mai warin fetur da fentin mai suna narkar da shi nan take. Mun taɓa asarar tudun da muka yi sati biyu muna sassaƙawa a haka, muna kallo ya lotse. A kai sai a shimfiɗa tsumma ko takardar jarida da aka tsoma a kwaɓin garin POP na masu silin. Idan ana son dutse, a dunƙule takardar alminiyan da ake naɗe gasasshen kifi da ita, a ware ta, a zuba kwaɓin a ciki. In ya bushe aka ɓare, za ki ga tsagogi kamar na gaske. Haka muka yi ɗan dutsen da ke bayan tasharmu, muna kallon hoton dutsen Kufena na Zariya.

Ƙasa kuwa, babu fentin da ya kai ta gaske. Ku ɗebo jar ƙasa da farin yashi da ƙasar fadama, kowace a ledarta. A soya ta a tsohon kasko don ƙwayayen kwari su mutu, a tankaɗe da rariya, a sake tacewa da matacin shayi. Sai mataki ɗaya da bai kamata a tsallake ba: a samo mayen ƙarfe daga tsohuwar sifika, a sa shi a leda, a riƙa yawo da shi a cikin yashin. Za ku ga baƙin gari ya manne masa kamar gashin baki. Garin ƙarfe ne. Injin jirgi yana da nasa mayen ƙarfen a ciki, in aka bar wannan gari zai zuƙe shi ya lalace. Kan jirginmu na farko haka ya mutu, kuma na ji zafin abin, domin kyauta ce daga wani tsohon ɗalibina.

Yadda ake manna ƙasar shi ne, a shafa gam a barbaɗa ta, sannan a haɗa gam da ruwa rabi da rabi, a ɗiga sabulun ruwa ɗigo ɗaya, a riƙa ɗigawa a kai da sirinji mara allura. Sabulun ne ke sa ruwan ya ratsa cikin yashi maimakon ya dunƙule a sama. Da farko za ki ga wurin ya yi fari fat kamar an zubar da nono. Kada hankalinki ya tashi. Washegari farin ya ɓace, ƙasa ta ƙame kamar daɓe.

Gidan ƙasa ana yanka shi da kwali mai kauri, a shafe shi da kwaɓin POP da jar ƙasa da ɗan gam. Zallan yumɓu yana tsagewa in ya bushe. Kafin shafen ya ƙame, a zana dagi a saman ƙofar zaure da bakin allura. Zankwaye da ɗan dunƙulen kwaɓin ake ɗaga su. Tsinken tsintsiyar kwakwa shi ne azara, ɗan yankin gwangwani da aka lanƙwasa shi ne indararo. Rufin kwano kuma, a ɗora takardar alminiyan a kan haƙoran mataji a goga da farce, layuka su fito, a taɓa shi da fenti ruwan ƙasa a wuraren tsatsa. Marfin man goge baki in aka shafe shi da ƙasa aka yi masa hular zaren buhu, rumbu ne sak.

Bishiya ita ce yara suka fi so. A fere tsohuwar wayar wuta, a fitar da siraran zaren tagulla, a murɗe su wuri ɗaya su zama gindi, a riƙa raba su sama suna zama rassa. Kuka tana son gindi mai kauri, sai a ƙara mata kwaɓi, kuma in lokacin rani ake nunawa a bar ta tsirara babu ganye. Goruba ta fi sauƙi, tunda reshenta biyu-biyu yake rabuwa. Ganyen darbejiya da mangwaro kuwa, a goga soson tsohuwar katifa a jikin magogin kuɓewa, a rina garin da fentin ruwa, a shanya, a shafa gam a rassa a barbaɗa. Wata jikata 'yar shekara 9 ita ta yi mana kukar da ke bakin tasha. Ta yi kwana uku tana murɗa waya, da ta gama ta ce saura 'ya'ya, ta rataya mata ƙullin zare guda biyar. Duk baƙon da ya shigo zauren, a kan kukar nan idonsa ke fara sauka.

Ki kula da launi. Hotunan da za ku gani a intanet na ƙasashen Turai ne, kore shar ko'ina. Ƙasarmu wata takwas a shekara ruwan ƙasa ce da ruwan toka da ja. Ku fita bayan makaranta ku duba da idonku. Kuma kada a yi amfani da gero ko shinkafa a matsayin duwatsu, ko kokon rogo a matsayin gam. Ɓera da kyankyaso za su cinye muku gari cikin dare ɗaya.

Malam, wuta ba ta zama a unguwarmu, ga ƙura. Jirgin da na samu yana tafiya yana tsayawa.
*Wani mai gyaran waya daga Gusau*

Ƙanena, matsalar wuta mai sauƙi ce, musamman gare ka. Yawancin jiragen HO da OO da N na gargajiya da bolt 12 suke aiki, irin wutar batir, ƙarfe ɗaya na layin yana kai wuta, ɗayan yana dawo da ita. Batirin sola ya wadatar. Ka sa ɗan abin rage gudun injin lantarki mai bolt 12 da ake samu wurin masu kayan lantarki, da makunni mai juya wayoyi biyun don jirgi ya yi baya. Amma lallai ka sa fiyus na amfiya 2 kusa da batir. In tarago ya goce ya haɗa ƙarafan biyu, batir zai turo wutar da za ta narkar da waya, ga katako ga soso a kusa.

Tsayawar da yake yi kuwa datti ne. Jirgin ta ƙafafunsa yake shan wuta, wurin da taya ke taɓa ƙarfe bai fi kan allura ba. Ka jiƙa farin tsumma da sifirit ka goge saman layin, za ka ga baƙin layi biyu a jikin tsumman. Ka goge tayoyin ma. Kada ka kusanci layin da sanfefa, ƙarcen da za ta bari shi zai riƙa tara datti. Mai kuma ɗigo ɗaya a bakin allura, irin na keken ɗinki, a kan haƙoran giya kawai. Da ka gama wasa ka lulluɓe teburin da zani, da hunturu ka ƙara leda a kai. Idan ɗakin mai rufin kwano ne, ka bar 'yar tazara kamar kaurin katin waya a mahaɗar ƙarafa, domin zafin Afrilu yana miƙar da ƙarfe har layi ya karkace. Ƙafafun tebur kuma ka riƙa leƙa su saboda gara.

Malam, na ga ana jera ƙananan mutum-mutumi a tashoshin nan. Zuciyata ba ta kwanta da shi ba.
*Wata uwa daga Kano*

Hajiya, fatawa ta malamai ce, ki kai wa malamin da kika amince da shi. Abin da zan iya gaya miki shi ne aikin yana tsayawa da ƙafarsa ba tare da su ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai. A teburinmu babu mutum ko ɗaya. Akwai keke jingine da katanga, da buta a bakin masallaci, da shanya a kan igiya, da tabarma a gindin darbejiya da takalma biyu a gefenta. Duk wanda ya kalla sai ya ce mutanen sun shiga sallah ne.

Baba, mu shida ne abokai, mun yi karo-karo mun fara gina tasha a shagon ɗayanmu. Yanzu rigima ta taso: mai shago yana ganin nasa ne, wani yana son gada, wani yana son kasuwa, wanda ya fi ba da kuɗi yana son a bi ra'ayinsa. Mu raba kayan ne?
*Wasu matasa daga Jos*

'Ya'yana, kada ku raba. Abin da ya same ku ya sami waɗanda suka riga ku, kuma sun samo masa magani. A Jamus akwai ƙungiyar FREMO da aka kafa a 1981. Kowane ɗan ƙungiya yana gina allonsa a gidansa, ya yi abin da ransa ke so a tsakiya. Abin da aka yi yarjejeniya a kai shi ne bakin allon: tsayinsa daga ƙasa, inda layi zai fito, da yadda waya za ta haɗu. Ranar taro sai kowa ya ɗauko nasa, a jona su a babban zaure su zama layi ɗaya mai tsawo, a fitar da jadawali, wannan ya zama direba, wancan shugaban tasha. Akwai kuma tsarin T-TRAK da ya samo asali a Japan, na awon N, wanda tsawon ƙaramin allonsa bai wuce santimita 31 ba, ana jera su a kan teburin cin abinci.

Mu ma sai da muka zo nan. A shekararmu ta farko komai a allo ɗaya yake, kuma an fara 'yar tsama, har ɗayanmu ya yi wata guda bai leƙo ba. Na bi shi gida muka zauna. Daga nan muka yanka aikin gida biyar. Tela ya ɗauki kasuwa, domin shi ke da haƙurin rumfuna. Mai gyaran rediyo ya ɗauki waya da fitilu. Ni da na koyar da aikin katako shekara da shekaru na riƙe firam da gada. Kan jirgi da taragu da muka saya da kuɗin haɗaka an rubuta su a littafi, da abin da kowa ya bayar, kowa ya sa hannu. Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa, a ɗora shayi, a tashi da kiran magariba.

Sannan ku nemi dattijo. Wannan shawarar ta fi duk sauran. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Kafanchan, na tashi da ƙarar jirgi da warin kwal, na ɗauka na san tasha ciki da waje. Ranar da muka gayyato wani tsohon abokin aikinsa, mai shekara fiye da 80, ya zo da sandarsa ya tsaya a kan teburin ya yi shiru. Can ya nuna tankin ruwa ya ce, "Wannan ba nan yake ba. Ku kai shi inda kan jirgi ke tsayawa, in ba haka ba da me zai sha?" Ya nuna mana inda masu tallan ƙosai da rake ke tsayawa, da inda ake jibge buhunan gyaɗa kafin a loda su. Ya ba mu labarin aikin diga kamar yadda ya ji daga bakin iyayensa, yadda aka riƙa ɗebo mutane daga ƙauyuka suna haƙa da ɗaukar ƙasa a ka. Jikokina suna zaune a ƙasa, babu mai motsi. Da daddare muka ɓamɓare tankin muka mayar da shi inda ya ce. Yanzu shi ne na shidanmu, kujerarsa tana nan kusa da ƙofa. A Jos ba za ku rasa irinsa ba, ga tsofaffin ma'aikatan reluwe, ga waɗanda suka yi aikin kuza.

Ga abin da za ku yi a zamanku na gaba. Ku amince a kan awo ɗaya. Kowane allo ya zama mita 1 a tsawo, santimita 50 a faɗi, don ya shiga bayan Keke Napep kuma hannu ya kai ƙarshensa. Ku yanka ma'auni ɗaya na katako mai alamar inda layi zai fito da ramuka biyu na noti, kowa ya huda bakin allonsa da shi, kada wani ya auna da tef ɗinsa daban. Jar waya ta riƙa bin ƙarfen gaba, baƙa ta bi na baya, a kowane allo. Ƙasar da za a barbaɗa a bakin alluna ta fito daga leda ɗaya, don kada mahaɗa ta nuna. Mai son gada ya yi gadarsa, mai son kasuwa ya yi kasuwarsa, mai shago kuma a riƙa ba shi wani abu na wuta da shara. Ranar da kuka jona allunan karon farko, ku fara tura tarago ɗaya da yatsa ya tsallake kowace mahaɗa, gaba da baya, kafin ku ba layin wuta. Ku aiko mini da hoto.